Yadda Ake Gane Kayan Aikin Tiyata Ta Hanyar Duban Bakinsu

Duk shekara idan ɗaliban jinya suka zo zagayen koyon aiki a ɗakin tiyata a nan Kumasi, nakan ga 'ya'yanmu na Zango a cikinsu, daga Aboabo da Asawase da Yalwa da sauran unguwanni, kuma kusan dukkansu da matsala iri ɗaya suke shigowa. Sun haddace sunayen kayan aiki daga littafi kamar yadda ake haddace karatun allo, amma da zarar an kwance ƙunshi an baje ƙarafa arba'in ko hamsin a kan koren zane, sai komai ya rikiɗe musu ya zama abu ɗaya mai ƙyalli. Laifin ba nasu ba ne, domin mafi yawan sunayen nan na likitocin Turai da Amurka ne waɗanda suka ƙirƙiro kayan ko suka shahara da su, kuma sunan mutum ba ya gaya maka aikin ƙarfe. Theodor Kocher likita ne na birnin Bern a Suwizalan, wanda ya sami kyautar Nobel a 1909 saboda aikinsa a kan ƙwayar maƙogwaro da ke haifar da maƙoƙo, to amma babu abin da ke cikin sunansa da zai sanar da ɗalibi cewa ƙarfen da ake kira Kocher yana da haƙora masu huda nama. Zan rubuta sunayen yadda suke a takardar lissafin kaya, saboda haka za ku tarar da su a manyan asibitocin Komfo Anokye da Korle Bu ko ƙaramin asibitin gunduma.

Dattawanmu na Zango, waɗanda suka zauna gida ɗaya da Moshi da Dagomba da Zabarmawa da Barebari, ba su cika tambayar baƙo asalinsa ba, tsagar fuskarsa suke dubawa su san daga inda ya fito. Haka nake so ku yi da waɗannan ƙarafa. Idan kun ɗauki ɗaya, ku buɗe shi ku dubi cikin bakinsa kafin ku nemi sunansa: shin santsi ne, ko yana da tsaga, kuma tsagar a kwance take ko a tsaye ko a giciye, ta kai ƙarshen baki ko ta tsaya rabi, akwai haƙora a tsini ko babu. Amsar waɗannan tambayoyi ita ce za ta gaya muku irin naman da aka ƙera ƙarfen dominsa, sunan kuwa zai zo daga baya ya zauna daram. Yawancin kayan da ke buɗewa da rufewa suna da sassa biyar, wato zobba biyu na yatsu, da makulli mai haƙora wanda yake yin ƙas-ƙas idan an matse, da ƙafafu, da gaɓar da ta haɗa ɓangarorin biyu, sannan baki. Cikin masu zobba, almakashi shi ne ba shi da makulli, kuma wannan kaɗai ya isa ya raba shi da saura ko da a rufe yake.

Askar tiyata kashi biyu ce, ƙota wadda ake wankewa a sake amfani da ita, da askar kanta wadda ake jefarwa bayan aiki ɗaya. Kowace da lambarta a jiki. Ƙota mai lamba 3 tana ɗaukar aska mai lamba 10 da 11 da 12 da 15, ƙota mai lamba 4 wadda ta fi ta kauri tana ɗaukar manyan askake daga 20 zuwa 24, ita kuwa mai lamba 7 doguwa ce siririya kamar alƙalami, tana ɗaukar irin askaken da lamba 3 ke ɗauka, ana nemanta idan aiki ya yi zurfi. Lamba 10 tana da ciki mai lanƙwasa na tsaga fata, 22 babbar yayarta ce, 15 ƙarama ce ta aiki mai laushi kamar cire ƙaramin ƙari a fuska ko aikin yara, 11 kuwa tsini gare ta kamar kan mashi, da ita ake huda maruru a fitar da mugunya. Kada ku taɓa sa aska a ƙota ko ku cire ta da yatsu, ku kama ta da mariƙin allura kuna mai da tsinin ƙasa, nesa da jikinku da na kowa. Wajen miƙawa kuma a sa ta cikin kwanon nan mai siffar ƙoda, likita ya ɗauka da kansa ya mayar da kansa.

Almakashi biyu ne suka fi rikita sababbin shiga, Mayo da Metzenbaum, alhali bambancinsu a fili yake ga wanda ya san inda zai duba. Ku nemi gaɓa. A jikin Mayo bakin yana da tsawo da kauri, ƙarfen duka yana da nauyi a hannu, a jikin Metzenbaum kuwa ƙafafun ne dogaye sirara, bakin gajere, gaɓar ta matsa can kusa da tsini. Mayo miƙaƙƙe na yanka zare ne, Mayo lanƙwasasshe na yanka nama mai tauri kamar farin tantanin da ya lulluɓe tsokar ciki, Metzenbaum kuwa na rarrabe nama mai laushi a kusa da hanji da jijiyoyi. Duk telan da ke kasuwar Kejetia yana da almakashin da ba ya yarda kowa ya yanka takarda da shi, kuma dalilinsa shi ne dalilinmu: zare yana dakushe Metzenbaum, kuma dakusasshen almakashi taunar nama yake yi maimakon yankawa. Idan kun ga zobban almakashi ko na mariƙin allura masu ruwan zinariya, alama ce cewa an dasa ƙarfe mai tauri na tangistan a bakinsa, ya fi tsada kuma ya fi jure aiki.

Hantsaki shi ne wanda ba shi da zobba ko makulli, ana riƙe shi kamar alƙalami tsakanin babban yatsa da manuni, yawanci a hannun hagu. Tambaya ɗaya ce a kansa, mai haƙori ne ko marar haƙori. Mai haƙori yana da tsini ɗaya a gefe guda wanda yake shiga tsakanin biyu a ɗaya gefen, ana kama fata da nama mai tauri da shi. Ɗalibai sukan ɗauka marar haƙori ya fi tausaya wa fata, amma akasin haka ne, domin sai an matse shi da ƙarfi kafin ya riƙe, matsin kuwa yana murƙushe gefen rauni, shi kuwa mai haƙori da ɗan taɓawa ya kama. Hanji da jijiyar jini da mafitsara su ne ba a kusantarsu da haƙori ko kaɗan. Adson yana da faɗi a wurin riƙewa sannan ya tsuke farat ɗaya ya zama siririn baki, shi ake nema wajen ɗinke fata. Lane da Bonney manya ne masu ƙarfi na rufe bangon ciki. DeBakey dogo ne, kuma idan kun kai shi kusa da ido za ku ga layuka na ƙananan tsaga a tsaye, na gefe ɗaya suna shiga tsakanin na ɗaya gefen, abin da ya sa yake riƙe jijiyar jini ba tare da ya ɓula ta ba.

Dangin da ya fi yawa a kowane tire shi ne na masu matse jijiyar jini, waɗanda a ɗakin tiyata ake ce musu atari. Dukkansu suna da zobba da makulli, bakinsu dogo ne mai tsukewa zuwa tsini, tsagarsu a kwance take. Mafi ƙanƙanta shi ne moskito, wato sauro, wanda ake dangantawa da William Halsted na asibitin Johns Hopkins a Amurka, ana kama ƙananan jijiyoyi da shi a aikin ƙaba da kaciya da aikin yara. Na tsakiya wanda za ku fi jin sunansa a Ghana shi ne Spencer Wells, saboda tsarin koyarwarmu daga Ingila muka gaje shi. Littattafan Amurka kuwa Kelly da Crile suke ambata, kuma abin da ya raba su biyun shi ne tsagar Kelly tana tsayawa a rabin baki, ta Crile tana kai wa har gaɓa. Roberts dogo ne na zurfin ciki. Wanda bakinsa ya karye ya yi kwana kamar harafin dal, shi ne Lahey ko Mixter, ana zura shi ta ƙarƙashin jijiya ko bututun matsarmama a jawo zare a ɗaure. Sai Kocher, wanda daga nesa ba shi da maraba da babban atari, amma a tsininsa akwai haƙora. Wannan shi ne dalilin da ya sa nake hana ɗalibi ya miƙa atari bai kalli tsininsa ba, domin Kocher da aka ɗora a kan jijiya ko hanji ɓarna yake yi nan take.

Mariƙin allura yana kama da atari har ya kan ruɗi wanda ya yi watanni a ɗaki, musamman idan aiki ya yi zafi. Bakinsa gajere ne mai kauri, tsagarsa a giciye take kamar saƙar raga, sau da yawa da ɗan kwari a tsakiya inda allura ke kwanciya, ƙafafunsa kuma dogaye idan an gwada da bakin. Mayo-Hegar shi ne na yau da kullum. Olsen-Hegar yana da almakashi a bayan bakin, yana taimakon wanda yake ɗinki shi kaɗai babu mai yanka masa zare. Ana kama allura da tsinin mariƙi, a wajen kashi biyu cikin uku na tsawonta daga tsini, ba a kan wurin da zare ya shiga ba, domin nan ne ta fi rauni. Idan aka riƙe allura da atari za ta riƙa juyawa, shi ma atarin bakinsa zai buɗe ya daina kama jijiya.

A kan Allis da Babcock zan ɗan daɗe, domin a kansu na koyi duban baki. Ina ɗaliba a wani asibitin gunduma aka kawo wani yaro cikin dare da ciwon afendis. Da likita ya buɗe ciki ya miƙo hannu ya ce Babcock, sai na ɗauko ƙarfen da tsawonsa da zobbansa suka yi daidai da hoton da ke kaina. Babbar ma'aikaciyar jinyar da ke tsaye a gefena, wata dattijuwa 'yar Zango, ta dafe wuyan hannuna kafin ƙarfen ya isa tafin likita, ta sauya shi da wani, ba ta ce uffan ba. Bayan an fitar da yaron ta kira ni wurin wanke kaya, ta ɗora su biyun a tafin hannuna ta ce, "Ɗiyata, buɗe su ki gani." Na buɗe. Na farko, wato Allis, bakinsa ya ƙare da jerin gajerun haƙora kamar na matajin kai, suna cije juna. Na biyu, Babcock, bakinsa ya yi kumburi kamar cokali biyu da aka fafake tsakiyarsu, babu haƙori ko ɗaya, sai ɗan siririn gefe da ke haɗuwa. Ta ce, "Wancan abin da ya kumbura ya cika da mugunya, idan kika cije shi da wannan, me kike zaton zai zubo a cikin yaron mutane?" Na ce, "Na gane, Hajiya." Babcock yana rungumar abu mai siffar bututu ne, kamar afendis ko hanji ko bututun mahaifa, ba ya matse shi. Allis kuwa na kama nama mai tauri ne ko naman da za a cire a yar, kamar ƙari.

Mu da muke yawan karɓar waɗanda zazzaɓin taifot ya ɓula wa hanji, wajibi ne mu san masu matse hanji da kyau. Doyen yana da baki dogo mai laushi wanda yake ɗan lanƙwasawa, tsagarsa a tsaye take tana bin tsawon baki, aikinsa ya tare abin da ke cikin hanji kada ya kwararo, ba tare da ya kashe naman ba, saboda haka a ɓangaren da za a bari ake sa shi. Masu murƙushewa irin su Payr nauyi gare su da tauri, ana sa su a ɓangaren da za a yanke a cire. A lura cewa suna ɗaya yana iya hawa kan kaya daban-daban. Akwai Doyen na hanji, akwai Doyen mai faɗi na danne mafitsara a aikin ciro jariri, kamar yadda sunan Mayo yake kan almakashi da mariƙin allura da ɗan teburin da ake jera kaya a kai. Aikin da ake ciki shi zai gaya muku wanda likita yake nufi.

Mariƙin auduga ba ya ɓuya, dogo ne mai baki kamar zobba biyu, da shi ake shafa maganin wanke fata. Backhaus kuwa ƙarami ne mai tsini biyu lanƙwasassu kamar ƙahon rago, yana riƙe zannuwan da aka lulluɓe majiyyaci.

Ƙarafan da ke ja da buɗe rauni domin likita ya ga abin da yake yi, waɗanda ake kira ritirakta, iri biyu ne: wanda mataimaki ke riƙewa, da wanda yake riƙe kansa. Langenbeck yana da ƙota doguwa da siririn harshe da ya karye ya yi kwana, kusan babu aikin ƙaba da za a yi ba tare da guda biyu ba. Morris siffarsu ɗaya sai dai harshensa ya fi faɗi sosai, na ɗaga bangon ciki ne. Deaver falle ne na ƙarfe mai lanƙwasa kamar lauje, yana shiga can ciki ya kawar da hanta, kuma ana sa jiƙaƙƙen ƙyalle a ƙarƙashinsa domin kada ya ji mata rauni. Akwai wani falle mai laushi da ake tanƙwarawa da hannu yadda ake so. Cikin masu riƙe kansu, Weitlaner da Travers suna da zobba da makulli, bakinsu kamar yatsun manjagara, kuma suna aiki ne a juye, wato idan an matse zobba baki buɗewa yake yi. Balfour shi ne babba na buɗe ciki gaba ɗaya, yana da hannuwa biyu da harshe na uku da ake ɗaurawa da noti.

Bakin na'urar tsotsa ma iri-iri ne. Yankauer yana da ɗan lanƙwasa da dunƙulen kai, Frazier siriri ne mai ɗan rami a wurin riƙewa wanda ake toshewa da yatsa, Poole kuwa bututu ne miƙaƙƙe da aka sa cikin kube mai ramuka da yawa, domin idan ciki ya cika da ruwa ko mugunya a tsotse ba tare da hanji ya manne ya toshe bakin ba. Alƙalamin lantarki na ƙona jijiya yana da maɓalli biyu, rawaya na yanka, shuɗi na tsayar da jini.

Babu inda ake koyon duk wannan kamar ɗakin wanke kaya da ƙunshe su, wurin da ɗalibai da yawa suke gudu suna ganin aikin ƙasƙanci ne. A ɗakin tiyata babu lokacin juya ƙarfe a dube shi, a can kuwa kowane ɗaya sai ya bi ta hannunku a buɗe. Ku nemi izini ku zauna awa ɗaya kowace rana, ku ɗauki littafi da fensir ku zana bakin kowane ƙarfe da hannunku, ko da zanen bai yi kyau ba. Abul Ƙasim Az-Zahrawi, likitan Ƙurɗuba ta Andalus wanda ya rasu wajen 1013, da ya zo bayanin tiyata bai tsaya ga ambaton sunaye ba, sai da ya zana siffofin kayan aiki kusan 200 domin masu koyo su gani. Bayan zane, ku riƙa jera tire a tsari ɗaya kullum, masu yanka a gefe guda, atari daga ƙarami zuwa babba, lanƙwasarsu tana kallon wuri ɗaya, har hannu ya san wurin kowanne ba sai ido ya bar rauni ba. Wajen miƙawa, zobba ne ke sauka a tafin likita da ɗan ƙarfi yadda zai ji ya karɓa, ƙarfen yana kulle a matakin farko.

A wannan zaman ne kuma za ku koyi gane lalataccen ƙarfe, wanda a ganina rabin sanin kaya ne. Ku rufe atari ku ɗaga shi wajen haske, idan haske ya ratsa tsakanin baki ko tsinin bai haɗu daidai ba, ku ware shi. Ku kama allura da mariƙi ku gwada juya ta da yatsa a hankali, idan ta juya bakin ya cinye. Almakashi ya yanka ƙyalle har tsininsa ba tare da ya tauna ba. Ku duba gaɓa ko ta tsage, domin nan jini ke maƙalewa ya bushe. Kada a jiƙa kaya a ruwan gishiri, yana cin ƙarfe ya bar ƙananan ramuka. Kuma a buɗe makulli kafin a sa a tukunyar tururi, domin tururin ya taɓa ko'ina, ko a zafin digiri 134 na minti 3 ko 121 na minti 15. Kafin ku kwance kowane ƙunshi, ku tabbata layukan da ke kan tef ɗinsa sun yi duhu, ranar ƙarewarsa ba ta wuce ba, ƙyallen kuma a bushe yake babu huda.

Wanda bai san kaya ba ba zai iya ƙirga su ba, ƙirga kuwa amana ce da ke wuyan ma'aikacin jinya. Takardar kiyaye lafiyar majiyyaci a tiyata wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2008, mai ɗauke da abubuwa 19, ta sa tabbatar da cikar kaya da auduga da allurai cikin abin da za a faɗa da baki kafin majiyyaci ya bar ɗaki. Mutum biyu ne ke ƙirgawa da murya, wanda ya wanke hannu yana taɓa kowane ƙarfe yana kiran sunansa, mai zagayawa yana dubawa yana rubutawa, kafin a fara aiki, da kafin a rufe ciki, da lokacin ɗinke fata. Ƙyallayen tsane jini biyar-biyar ake ɗaure su, kowanne da zare na musamman da ke fitowa a hoton ƙashi, kuma sai an warware su ɗaya bayan ɗaya ake ƙirgawa. Idan lissafi bai cika ba, ku faɗa da ƙarfi nan take ko da likitan ya girme ku da shekara talatin, ba a rufe ciki sai an gano abin da ya ɓata. Ku kula musamman da kayan da ke rabuwa: Poole guda biyu ne, bututu da kubensa, Yankauer na ƙarfe kansa yana kwancewa, Balfour kuwa a ƙirga hannuwansa da harshensa da notinsa kowanne da kansa, a farkon aiki da ƙarshensa.